Habi Mai Banda da Ƙwan Giwan Ruwa

Duk wanda ya saba cin kasuwar Gidan Rumji a shekarun baya ya san Habi mai banda, ko da bai san sunanta ba. Doguwa ce, baƙa, mai ƙarancin magana, takan zauna gefen masu yaji da kwandon kifi a gabanta. Garinsu ɗan ƙauye ne a bakin wani tafki, inda ruwan gulbi ke malalowa da damina ya kwanta har rani. Ita ba ƴar masunta ba ce. Ubanta manomin gero ne daga wajen Sae Sabuwa. Aure ne ya kawo ta bakin ruwa, kuma a hannun uwar mijinta ta koyi feɗe kifi da kyafa shi a kan wutar ƙirare.

Mijin, Ilyasu, masunci ne mai son raha. A kan gora yake kwanciya ya shiga ruwa, yana iyo da ƙafa yana waƙa. A tsakiyar tafkin akwai wani gurbi mai zurfi, wanda ko a tsananin bazara ba a taɓa ganin ƙasansa ba. Can giwan ruwa ke zama, babban kifin nan da wani lokaci sai ƙarti biyu sun kama kafin a ɗaga shi.

Wata safiya a ƙarshen damina, lokacin ɗiyarsu Maimuna ba ta fara tafiya ba, Ilyasu ya je duba ƙugiyoyin da ya ɗana a gurbin. Ƙanensa Nomau yana bakin ruwa yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Ya ga wansa ya naɗe igiya a hannu ya fara ja, har ya ji ya ɗaga murya yana dariya, wai babba ce. Sai igiyar ta miƙe. Ilyasu ya zame daga kan gorar ya nutse. Gorar ta yi ta juyawa ita kaɗai a bisa ruwa.

Masuntan garin da na maƙwabta suka yi ta nitso, suka ja taru, babbar ragar kamun kifi, suka zuzzura sanduna. Ba a samu ko hularsa ba. Aka yi addu'a, aka yi sadaka, Habi ta yi takaba ta fita. Maza sun zo neman aurenta, har da mai shanu da amalanke. Amsarta ɗaya ce ga kowa: "Ba a nuna mini kushewa ba."

Ta riƙe sana'arta ta raini ɗiyarta. Sai dai tun daga ranar ba ta ƙara kai kifin tafkin bakinta ba, ko romonsa. Kuma wurin bandarta, ta gina shi ne yadda in ta zauna fuskarta na kallon ruwa.

Bayan wasu shekaru aka yi fari mai tsanani. Tafkin ya janye har ya rage gurbin kaɗai, kifi ya yi ta mutuwa cikin taɓo. Daga nan ba wanda ya sake kama giwan ruwa. Da ruwa ya dawo, ma'aikatan gandun daji suka kawo ƴaƴan tarwaɗa da karfasa suka zuba. Yaran da aka haifa bayan haka a bakin manya kawai suka san giwan ruwa. Habi kuwa ta ɗan samu sauƙi a ranta. Ta taɓa ce wa Nomau, abin da ya ci mutum shi ma ƙasa ta ci shi.

Furfura ta riga ta rufe kanta lokacin da Ummuhani ta zo. Ɗaliba ce daga jami'a, ƴar Agiye, an turo ta da abokan aikinta su gano irin kifin da ke haihuwa a tafkunan yankin da yawansa, don a san inda za a ƙara zuba iri da inda za a ɗaga ƙafa da kamun kifi. Nomau ne ke tuƙa ta a jirginsa. Tana jan wata raga mai laushi kamar gidan sauro a bayan jirgin, ta tace abin da ya taru, ta tsinci ƙwan kifi, waɗansu ba su kai ƙwayar gero ba, ta zuba cikin ƙananan kwalabe masu alkol, ruwan maganin da ke hana abu ruɓewa.

Wajen Habi take zuwa neman ɗan yankin fiffike daga kowane irin kifi, don ta samu abin gwadawa. Takan zauna bisa turmi tana tari saboda hayaƙi.

"Ke ɗiyata," in ji Habi wata rana, "wanga ƙwai duk kamarsu guda. Ƙaƙa za ki san na wane da na wane?"

"Da ido ba a sani, Inna. Amma kowane mai rai akwai wani rubutu da Allah ya sa cikin jikinsa, gado daga uwa da uba. A lakol, wato makaranta, muna ce masa ADN. Akwai injin da ke karanta shi. Ƙwai ɗaya ya isa ya faɗi sunan uwarsa."

Habi ta ce ikon Allah, ta ci gaba da juya kifinta.

Bayan an gama girbi Ummuhani ta dawo. Aka tara masunta a gindin tsamiya gaban sarkin ruwa. Ta ce tarwaɗa na haihuwa sosai, karfasa ta ragu, akwai ƙurungu. Sannan ta ce a cikin ƙwan da aka tace a saman gurbin an samu na giwan ruwa.

Nomau ne ya fara magana. "Malama, ko dai kwalaben wani tafki sun gauraya da namu?"

"Ni ma abin da na fara zato ke nan, Baba. Shi ya sa aka sake gwadawa. Na nan ne. Kuma sabon ƙwai ne. Akwai mace da namiji a can ƙasa, suna da rai."

Nomau bai koma gida ba, wajen matar wansa ya wuce. Ya tsaya nesa da hayaƙin ya gaya mata. Habi ta ajiye wuƙa a hankali, ta dubi tafkin ta daɗe. Ran nan bandar ta ƙone ƙurmus, abin da bai taɓa faruwa da ita ba.

Washegari da hantsi Habi ta tarar da Ummuhani tana ɗaure kaya a bayan babur.

"Ina da tambaya. Wadda ta ja mai gidana, ita ce?"

Ummuhani ta riga ta ji labarin a bakin Nomau. Ta sauke jakarta. "Ba na tsammani, Inna. Ba ta kai waɗannan shekaru a raye. Sai dai ɗiyanta ko jikokinta."

"Ashe ta bar baya." Habi ta gyara lulluɓi. "To injin naku, tunda yana gane ƙwai, in an ɗebo lakar gurbin, ba ya iya faɗin inda mutum yake kwance?"

Ummuhani ta sunkuyar da kai. "Kifi muke nema da shi, Inna. Kuma shekaru sun yi yawa, ruwa da laka ba su barin abu haka. In na ce miki zan iya, na yi miki ƙarya."

"Na gode da ba ki yi ba," in ji Habi, ta juya.

Masunta suka yi shawara da ma'aikatan gandun daji, aka hana kamun kifi a gurbin duk tsawon damina. Da damina ta kewayo Ummuhani ta dawo da ragarta. Ranar da za su shiga ruwa suka iske Habi tsaye kusa da jirgin, ta sa wankakken zane. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta tattare zanen ta shiga ta zauna a tsakiya.

Nomau ya tuƙa har inda ruwan ya koma baƙi, ya ɗaga filafili. Habi ta karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, ta kira sunan Ilyasu da na ubansa, ta roƙa masa gafara. Ta gaya masa Maimuna ta yi aure a Gangara, ɗiyanta maza biyu, babban ya ɗauko dariyarsa. Ta sa tafin hannu a bisa ruwan kamar mai taɓa goshin majinyaci.

Suna nan sai jirgin ya ɗan ɗaga, ya karkata, ya koma daidai. Babu iska. Wani faffaɗan abu mai launin azurfa ya gilma ta ƙarƙashinsu, ya sulale ƙasa. Ummuhani ta riƙe gefen jirgin da hannu biyu. Nomau ya yi salati a hankali. Habi ba ta janye hannunta ba sai da ruwan ya kwanta.

"Mu tahi gida," ta ce.

Ta ƙara shekara biyu tana banda, har hayaƙi ya gama da idanunta. Maimuna ta zo da mota ta ɗauke ta zuwa Gangara, inda ruwan da ya fi kusa shi ne na rijiya. Tana can har yanzu, a zaune cikin inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa da lalube. Masu zuwa daga garinsu sun ce ba ta tambayar kowa labarin tafkin. Amma in guga ya faɗa rijiya ya bugi ruwa, takan daina abin da take yi, ta karkata kai, har sai an jawo shi sama.