Ranar da na bar 'yata tana barci a wani kanti a Naif

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni mace ce mai ji da kanta, irin wadda ba a nuna wa hanya. Kafin in yi aure na yi shekaru ina bin yayata saro a Dubai, mu sauka a Deira, mu cika jakunkuna da abaya da takalma da mayafai, mu kai kago, wato ofishin masu aiko da kaya gida, mu koma Kano. Saboda haka ko bayan na bar kasuwanci, aikin maigidana ya kai mu Doha da zama, ban daina cika baki cewa Naif, unguwar kasuwannin nan ta Deira, a tafin hannuna take ba. 'Ya'yanmu biyu, namiji ɗan shekara shida da mace 'yar shekara uku, yarinya mai ƙiwar tsiya wadda ba ta yarda da kowa sai ni. Har yau mahaifiyata ba ta san labarin nan ba, shi ya sa nake roƙon ku sakaya sunana.

Da hutun ƙarshen shekara maigidan ya yanko mana tikitin jirgin ruwan nan na shaƙatawa, wanda yake kwana yana tafiya, ya yini a gari guda, ya ƙara gaba. Ranar Dubai an sanar da mu cewa kowa ya dawo kafin huɗu da rabi, don ƙarfe biyar jirgi zai tashi, kuma ba ya jiran kowa. Shi maigidana mutum ne mai tsari har ya riƙa ba ni haushi. Ya zauna da biro da takarda ya tsara mana yinin: da safe mu kai yara kallon kifaye, sha ɗaya da rabi a ci abinci, sannan mu koma jirgi su yi barcin rana. Ya kuma yanki kati biyu ya rubuta sunan jirgin da lambar wayarsa, ya ce a saka wa kowane yaro a aljihu. Na yi masa dariya, na ce sai ka ce masu tafiya filin daga. Rigar da na saka wa yarinyar ba ta da aljihu, sai na jefa nata katin a jakata.

Abin da bai sani ba, ni ma ina da tawa takardar. Tun ranar da muka hau jirgi ɗoki ya sa na tura hoto a zauren wayar danginmu, kan ka ce kwabo sautu ya fara sauka. Ƙanwarsa tana son abaya ta fitar biki, gwaggona turaren wuta, yayata kuma samfurin takalma. Kun san halinmu, ba yadda za a yi a ji ka taka Dubai ka fito hannu rabbana, sai a ce ka samu duniya ka manta da mutane. Na amsa wa kowa da to, na yi shiru da bakina, don na san in ya ji zai hana.

Sai da muka gama cin abinci na fito masa da maganar. Ya ɓata rai, ya ce kasuwa ba wurin yara ba ce da tsakar rana, kuma wayata ba ta da layin ƙasar, sai a cikin jirgi take aiki. Na ce masa awa ɗaya tak, ni da na san lungunan nan tun kafin ya san ni. Na so ya tafi da yaran duka, amma yarinyar ta ƙanƙame ƙafata tana ihu har mutane suka fara waiwayenmu. Ya gaji ya ce to, amma ƙarfe biyu ta yi mana a jirgi. Ya kama hannun namijin suka tafi, ni kuma na tari tasi da ita.

Muna shiga lungunan Murshid Bazaar barci ya kwashe ta a kafaɗata. Wanda bai taɓa saɓa yaro mai barci a cikin cunkoso ba, ga masu tura kaya suna yi maka yalla yalla, ba zai gane ba. Hannuna ya sage, gumi ya jiƙa ni, ban sayi ko tsinke ba. Na faɗa wani kantin akwatuna don in sha sanyin na'ura, sai na ji wata dattijuwa zaune a kan kujera tana waya da Hausa, Kananci tsantsa. Wallahi ji na yi kamar na ga uwata. Muka gaisa, ta yi min sannu da ɗawainiya, ta nuna wasu barguna da aka jibge a gefe ta ce in kwantar da ita in je in gama abin da zan yi, tana nan. Haka muke yi a kasuwar Kwari ta Kano, ka ajiye ɗa wajen wadda ka tarar, ka dawo ka ɗauka, ba wanda yake ganin wani abu ne. Ban tambayi sunanta ba, Hajiya kawai na ce mata. Ban karɓi lambarta ba, ban ɗaga kai na karanta sunan kantin ba, ban ciro katin nan na ajiye a jikin 'yata ba. Shaidar da na yi wa wurin ita ce jajayen akwatuna da aka jera a ƙofa. Na ce mata minti goma.

Minti goman nan ya zama kusan awa guda. Tsohon hali ya motsa, na tsaya ciniki a kan abaya kamar wadda za ta cika kwantena, daga nan na ce bari in leƙa wajen takalma tunda ga shi kusa. Kiran sallar Azahar ne ya dawo da ni hayyacina, sai na ji ƙarar ƙofofin ƙarfe ana jan su ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Innalillahi! Ni da nake taƙama da sanin Naif na manta shaf cewa kantuna da yawa suna rufewa da rana sai wajen La'asar. Na kwasa a guje da ledoji a hannu. Na iso lungun da nake zaton shi ne, babu jajayen akwatuna, an shigar da kaya ciki, ƙofofi duk iri ɗaya, toka-toka, a kulle. Gabana ya yanke ya faɗi.

Na riƙa bin ƙofofin nan ina bugawa da tafin hannu, ina kara kunne ko zan ji kukanta, don abin da ya fara zo min shi ne an rufe kanti da ita a ciki. Na shiga wannan lungu na fita ta wancan, na dawo inda na fara ban sani ba. Duk Bahaushen da na gani sai in tare shi in ce ina neman wata Hajiya mai ɗan jiki, da baƙar abaya, da yarinya. Wani bawan Allah ya dube ni da tausayi ya ce min ai rabin matan Naif ke nan na kwatanta, ya tambaye ni sunanta ko masaukinta, na ce ban sani ba. Ya ce in tafi wajen 'yan sanda, ga ofishinsu nan ba nisa, ya kuma miƙo min wayarsa in kira mijina. A nan na yi kuskuren da ya fi na farko muni, kuma shi ne yake hana ni sukuni har yau. Na ƙi. Tsoro nake ji a tambaye ni yadda aka yi uwa ta bar 'yarta wajen wadda ba ta san sunanta ba, kuma kunya nake ji maigidana ya ji. 'Yata ta ɓata, ni kuwa ina tattalin mutuncina. Na ce masa na gode, yanzu zan gan su.

Biyu ta wuce, uku ta wuce. Babu irin tunanin da bai zo min ba: wace ce matar nan, me na sani game da ita banda harshenta, in ta hau jirgin sama da yarinyar fa? Ban san inda na yar da ledojin sautun ba, sai dai na ga hannuna wayam, kuma ko a jikina. Na zauna a bakin wata rufaffiyar ƙofa ina kuka wiwi kamar ƙaramar yarinya, ina cewa Allah Ka dawo min da ita, jirgi ya daɗe bai tafi ba.

Wajen ƙarfe huɗu aka fara ɗage ƙofofi. Na miƙe ina bin layi-layi, sai ga jajayen akwatuna ana fito da su a lungun da yake bayan wanda na yini ina bugawa. Na faɗa kantin, bargunan suna nan, ba yarinya, ba Hajiya. Da guntun Turancina da guntun Larabcina mai kantin ya fahimtar da ni cewa matar ba tasu ba ce, mai saye ce kamar ni, kuma da zai rufe ta ɗauki yarinyar ta fita. Bai san sunanta ba, amma ya duba takardar kayan da ta saya ya gaya min ofishin kagon da ta ce a kai mata su.

Ban san yadda na hau benen ofishin nan ba. Ina tura ƙofa na gan ta zaune a cinyar Hajiya a tsakanin kwalaye, fuska ta kumbura, murya ta dushe, da guntun dabino a hannunta da ba ta ci ba. Na durƙusa na buɗe hannu. Yarinyar da ba ta yarda da kowa sai ni ta dube ni, ta kawar da kai, ta cusa fuskarta a jikin baƙuwa. Hajiya kuwa ta wanke ni tas, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce ta fi awa guda a tsaye a ƙofar kantin cikin rana da yarinya tana tsala ihu, ta fasa duk harkokinta na ranar, ta baza saƙo a wayoyin 'yan kasuwa ba wanda ya san ni. Ta tambayi yarinyar sunan uwarta ta ce Mama, ta tambaye ta ina ne gidansu ta ce cikin ruwa, har ta ɗauka zazzaɓi ne ya kama ta. Ta ce saura ƙiris ta kai ta wajen hukuma, kuma in gode wa Allah da ya sa ita na samu, don ba duk mai jin Hausa ba ne ɗan gida.

Lokacin da tasi ta sauke mu a tashar jiragen, jirginmu ya riga ya ja baya, muna hango shi yana fita. Maigidana yana tsaye da ɗanmu da fasfunanmu a hannu, ashe da lokaci ya ƙure ya ce a sauke shi, ba zai tafi ya bar mu ba. Na buɗe baki na fara shirya masa ƙaryar cunkoson motoci, sai yarinyar ta miƙa masa hannu, ta ce masa da dusasshiyar muryarta ta tashi daga barci ba ta ga Mama ba. Ya rungume ta. Da zai yi magana bai zage ni ba, tambaya ɗaya ya yi min, ina katin da ya rubuta mata. Na zuge jakata na ciro shi, na tsaya riƙe da shi a gabansa. Washegari muka bi jirgin ta mota zuwa Abu Dhabi, amma ni hutu ya ƙare min tun a wurin nan.

Abin da na koya shi ne yini ɗaya a baƙon gari da ƙananan yara ba ya ɗaukar buri biyu. In na yara ne a bar musu, a dawo da wuri, masu sautu su yi fushi su huce. 'Yan'uwana mata, kirkin da muka saba da shi a kasuwannin gida gaskiya ne, ni ma shi ya cece ni, amma kada ya sa ki ajiye ɗanki inda ba ki san suna ba, ba ki san lamba ba, ba ki san ƙofa ba. In kuma ƙaddara ta afka, ki nemi taimako nan take, kunyarki ba ta kai ran ɗanki ba. Maigidana ya yafe min, dangi sun manta da abayarsu. Amma yarinyar nan yanzu shekararta biyar, kuma duk inda muka je, ko gidan biki ko asibiti, in barci ya fara ɗaukarta sai ta naɗe gefen mayafina a hannunta ta damƙe, ta tambaye ni ko zan tafi in ta rufe ido. Kullum ina ce mata ina nan, kuma kullum ba ta saki.