Inna Habsatu da Kujerun Leda

Inna Habsatu ƴar Geceme ce, aure ya kawo ta Dogondutsi. Firamare kaɗai ta yi, ta fita da Faransancin da ya ishe ta karanta sunan littafi a bangonsa. Da mijinta ya rasu sai ta kafa kaskon ƙosai a ƙofar makarantarmu ta koyon aikin jinya. Daga nan aka ɗauke ta shara, daga shara aka miƙa mata makullin ɗakin karatu, don babu malamin da ke son zama cikin zafin wannan ɗaki.

Ita ta mai da shi wurin mutane. In rana ta take, takan shimfiɗa tabarmi a gindin dogonyaro, ta fito da littattafai cikin babban daro kamar mai zuwa wanki. Ba ta hana surutu. Mu da muka zo daga ƙauye muke zaune gidajen dangi, inda ba ka da kusurwar buɗe littafi, nan muke wuni, wannan na tambaya wancan na amsawa. In ta ga ina gyangyaɗi sai ta ce, "Mardiyya, littahin na ka karanta ki ko ke ka karanta shi?"

A shekararmu ta ƙarshe wata ƙungiya ta gina mana sabon ɗakin karatu. Ga tagogin gilashi, ga wutar sola, ga ordinatoci, wato kwamfutoci, ga teburan da aka jera don ɗalibai su yi aiki rukuni-rukuni. Mun yi murna har da guɗa. Aka kwashe duk littattafan tsohon ɗaki aka jera su a sabbin kantoci. Sannan shugaban makarantar, wanda muke kira Mushe darakta, ya sa aka kulle ƙofa. Ya ce ba mai shiga sai baƙi sun zo daga Yamai sun yanke ƙyalle, kuma kada a kuskura a cire ledar da kujeru suka zo da ita, don baƙi su ga kayansu sabbi fil.

Aka sa rana aka ɗaga. Aka sake sawa aka sake ɗagawa. Mu kuwa ranar kare kundinmu na kammala karatu ba ta ɗaguwa. Littattafan da muke buƙata muna hangen su ta gilashi, an jera su bisa tsawo da launi kamar kwanukan jere.

Inna ce ke riƙe da makulli, don goge ƙura kawai. Wata rana bayan azahar, malamai sun tafi cin abinci, ta iske mu mun manna goshi a taga. Ta daɗe tana kallonmu, sannan ta buɗe.

"Ku tuɓe takalma kamar masallaci," in ji ta. "Ku zamna ƙasa. Wanda duk yat taɓa mini kujera, ni da shi."

"Inna, in Mushe ya ji fa?" in ji Rahina, ƙawata ƴar Kiyece.

"In ya ji, ni ad da makulli, ba ke ba. Karanta abinki."

Haka muka riƙa yi kullum har la'asar, a zaune kan siminti, kujeru na tsaye kewaye da mu cikin ledarsu. A nan na rubuta rabin kundina kan zazzaɓin cizon sauro ga mata masu ciki.

Rahina tana da tsohon ciki a lokacin. Wata rana ƙafafunta suka kumbura, ta yunƙura ta tashi daga ƙasa ta kasa. Inna da kanta ta jawo kujera ta ce, "Zamna nan, ɗiyata. Don zama anka yi ta." Da Rahina ta zauna, ledar ta yage ta gefe. Yagewar ba ta kai tsawon tafin hannu ba.

Washegari Mushe ya zo zagayensa, ya gani. Ya tara mu a fili, ya sa aka fito da kujerar aka ajiye a tsakiya.

"Wa ya shiga ɗakin nan?"

Kafin wani ya yi motsi Inna ta ce, "Ni na buɗe, Mushe. Ni na ba da kujera."

"Kin san me kika jawo wa makaranta? Baƙi su zo su ga kaya sun tsufa tun ba a buɗe ba?"

"Ledar ta yage, Mushe. Kujerar lahiya lau take."

Wasu suka yi dariya, kuma ina jin dariyar ce ta ƙarasa ta. Nan take Mushe ya ce ya sallami Inna daga aiki. Rahina ta miƙe tana kuka tana cewa ita ce ta zauna, ya ce ba da ita yake ba. Muka bi shi biro, wato ofishinsa, muna roƙo, ya rufe ƙofa. A gabanmu Inna ta kwance makullin daga bakin zanenta ta ajiye a kan kujerar, ta ɗauki daronta ta fita.

Baƙin sun zo bayan mun kare kundinmu. Aka kira mu mu cika ɗaki. Da safen nan na ga Mushe da idona yana bin kujeru ɗaya bayan ɗaya yana yage ledar da hannunsa, wai wani ya gaya masa hoto ya fi kyau in babu ita. Aka zaunar da mu, aka ba kowa littafi ya buɗe. Wata baƙuwa ta tambaye ni yadda nake jin daɗin wurin. Na sunkuyar da kai kan littafin da aka ba ni. Har yau in na ji ƙarar leda gabana faɗuwa yake.

Inna tana Kore Mairuwa yanzu wurin ƙanwarta, ta koma kan kasko a bakin tasha. Na je na kai mata takardar shaidata ta gani. Ta goge hannu a zane, ta karanta sunana a hankali, ta miƙo mini. Na ba ta labarin ledar, ina magana ina huci. Ita kuwa tana ta juya ƙosai.

Can ta ce, "To yanzu ana barin yaran su yi magana ciki?"

Na ce a'a, an manna takarda a ƙofa, an hana.

Ta tsame ƙosan, ta zuba wani.