Dakta Ta Shiga Aji

A bakin ƙofar wata kwaleji, tsakanin mai gyaran takalma da mai sayar da littattafai, akwai wani ɗan shago da mutum uku ke cika shi. A nan wata mata ta shekara ashirin da uku tana buga wa ɗalibai takardu. Ta fara da tafireta mai ƙarar tsiya, ta koma kwamfuta, firinta huɗu suka mutu a hannunta. Ɗalibai suka laƙaba mata Dakta, domin babu kundin kammala karatun da zai bi ta teburinta ya fita ba ta gyara masa zama ba. Ita kuwa karatunta a sakandare ya tsaya, shekarar da mahaifiyarta ta kwanta ciwo, riƙon ƙanne ya dawo kanta.

Sunan yana mata daɗi fiye da yadda take nunawa. Ita da bakinta take cewa a lokacin kanta ya kumbura har ɗankwali ya daina zama.

Wata rana wata ɗaliba ta zo da shafin godiya, tana so ta sa sunan Dakta a ciki.

"Mama, Dakta a wane fanni zan rubuta?"

Yarinyar ba da wata manufa ta tambaya ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Dakta ta duƙa tana laluben abin da bai faɗi ba a ƙarƙashin tebur, ta ce a bar shi kawai. Kafin mako ya ƙare ta cike takardar neman shiga ajin manya na ƙarshen mako, tana da shekara hamsin da huɗu. Ta zaɓi tarihi, don ta buga kundinsa ya fi ɗari biyu.

Maigidanta, tsohon direba da ya ajiye aiki, ya ce, "Ke da kike gyara wa malaman, me kuma za su koya miki?"

"Ba koyo zan je ba," in ji ta. "Takardar kawai zan karɓo."

Aikin farko da aka ba su, shafi biyu ne kan abin da ke sa mutane barin ƙauye su koma birni. Dakta ta yi shafi tara, ta sa masa bango mai kyalli, ta miƙa tana tausaya wa sauran 'yan ajin.

Malamin ya kira ta ofis. Ta san shi tun yana siririn ɗalibi mai wando ɗaya, ita ta buga masa kundinsa shekara goma sha biyar baya. Ya miƙe ya ba ta kujera, ya daɗe yana juya takardun.

"Anti, aikin ya yi kyau a ido. Sai dai sakin layi na uku nawa ne."

"Naka kamar yaya, Malam?"

Ya janyo kundinsa daga kantar littattafai ya buɗe mata. Kalma da kalma, har waƙafin da ita ce ta sa masa a wancan lokacin. Na biyar kuma, ya ce, na wani abokinsa ne. Ta rantse ba ta buɗe littafin kowa ba, ya ce ya yarda. A nan ta gane abin da ya faru: duk shekarun nan ba ilimi take tarawa ba, kayan mutane ne ta yi wa ajiya a ka, har ta manta ba nata ba ne.

Ya ba ta farar takarda ya ce ta rubuta abin da ita take gani. Ta yi minti arba'in, kwanan wata da sunanta kawai ta iya rubutawa.

"To, Anti, ku me ya kawo ku birni?"

Sai baki ya buɗe. Ta ba shi labarin rijiyarsu da ta ƙafe, da yadda mahaifinta ya ɗora su a bayan motar kaya da tukwane da keken ɗinki, da ƙaninta da ya yi ta kuka saboda an bar kyanwarsa. Malamin ya ce, "Wannan za ki rubuta, sannan ki nemo ko haka ya faru da wasu."

Ta rubuta. Bai cika shafi ba, ya ba ta huɗu cikin goma. Ta yi fushi kwana biyu, a na uku ta kama hanyar laburare, wanda ta shekara ashirin da uku tana kwatanta wa baƙi ba ta taɓa shiga ba.

Daga nan karatu ya kama ta da gaske. Ta faɗi darasin ƙididdiga sau biyu. Ta zauna a ƙasan bishiya yaran da autarta ta girme su suna mata bayani, tana cewa su maimaita, su maimaita. Ta koyi ɗaga hannu ta ce ba ta gane ba, wanda ta ce ya fi haihuwar fari wuya. Karatun shekara uku ya ci mata huɗu da rabi.

Ranar da aka liƙa sakamako, maigidan ya raka ta. Ya gyara tabarau, ya ɗaga kai ya fara daga saman allo.

"Baban yara, kada ka wahalar da wuyanka. Faro daga ƙasa."

Ya sunkuya. Bai yi nisa ba ya dangwala yatsa.

"Ga ki nan. Kin ci. Har mutum biyu kika wuce."

"Ɗaya ya karye a ƙafa, ɗayar haihuwa ta yi ana tsakiyar jarrabawa," in ji ta.

Duk da haka ta matsa kusa ta karanta layin sau uku, ta sa shi ma ya karanta mata da ƙarfi. Sannan ta koma ta rufe shago da rana tsaka, ta ce wa masu jira su dawo gobe. Suka tafi gida a ƙafa, yana riƙe mata jaka, yana tsayar da duk wanda ya sani a hanya yana ba shi labari.