Ranar da Dutsen Kaka Yake Madagaska

Shekaranjiya da hantsi wata yarinya da ban sani ba ta yi sallama a tsakar gidana. Ta durƙusa ta ce kakarta na gaisuwa, wai a taimaka musu da aron dutse, yayarta na kan gwiwa tun asuba. Na tsaya ina kallonta kamar ban ji Hausa ba. Rabon da wani ya zo neman dutsen nan har na manta, na ɗauka duk waɗanda suka san da shi a nan Briqueterie, unguwarmu ta Yawunde da muke kira Birik, sun riga mu gidan gaskiya. Na shiga ɗaki na buɗe tsohuwar kwallar Kaka, na warware tsumman. Sanyin dutsen na taɓa tafin hannuna sai na zauna a bakin gado.

Bari in gaya maka ko wane dutse ne, don na san kai ɗan zamani ne. Jan aƙiƙ ne, bai fi ƙwallon dabino girma ba, an huda shi an zura igiyar fata. In ka ɗaga shi a rana za ka ga farin zare-zare a cikinsa. Mahaifin Kaka ne ya zo da shi daga aikin Hajji, zamanin da ake tafiya a ƙasa ta Sudan, a yi shekaru kafin a dawo. Kaka, wato mahaifiyar Babanmu, ba ta yi nisa a karatu ba, amma zancen duwatsu kam ba a kama ƙafarta. In almuru ta yi ana karanta Suratur Rahman a zaure, aka zo wajen yaƙutu da murjani, sai ta zungure ni da gwiwar hannu, wai in ji, Allah da kansa ya ambace su. Ta ce malamai sun faɗa zoben Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na azurfa ne da dutse a kansa, wasunsu ma sun ce aƙiƙ ne. Kowane dutse kuma da aikinsa a wurinta. Fairuza ta kambun baka ce, murjani na yara masu firgita, shi kuwa aƙiƙ na jini ne: mai haɓo a ɗora masa a goshi, mai naƙuda a ɗaura mata a cinya.

Na taɓa yi mata rashin kunya irin ta jika, na ce yaya dutse zai warkar da mutum. Ta ce, “Ke ƙawata, wa ya ce miki dutse ke warkarwa? Allah ke warkarwa. Tuwo ma ai ba shi ke ƙosar da ke ba, amma ban ga kin fasa ci ba.”

Dutsen nan ya fi ni sanin Yawunde. Ya je Tsinga, ya je Mokolo, ya shiga har gidajen maƙwabtanmu ’yan ƙabilar Ewondo da ba sa salla. Yana da ƙa’idojinsa da Kaka ta gada, ba ta kuma wasa da su. Duk wanda ya zo nema ba a hana shi. Ba a karɓar ko ɓarin goro a kansa. In kuma aka ɗaura wa mace, ba mai kwance shi, ba mai aikawa karɓowa, sai mabiyiya ta faɗo, masu aro su wanke shi su dawo da shi da kansu. Ni ce ’yar rakiyarsa, ni ke riƙe shi a bakin zani in bi masu aro in ga gida.

Inna, mahaifiyata, ta fi Kaka yarda da shi. Ni da ƙannena duka da shi a cinyarta ta haife mu. Mace ce marar magana, mai kunyar suruka fiye da kima. Ban taɓa jin ta roƙi Kaka ko gishiri ba. Ni kuwa da yake ’yar fari ce, sunana bai taɓa fita daga bakinta ba, “ke” ce ni har kullum. A shekarar da nake ba ka labari ina wajen shekara goma, Inna na da ciki, amma watan haihuwarta da saura. Lokacin babban ruwa ne. In ka san Birik a wannan lokaci ka san jan taɓon da ke cinye silifas, da ƙarar ruwa a kan kwano da ke hana ka jin keken ɗinkin Baba duk da yana nan a shagon ƙofar gida.

Wata safiya wata tsohuwa ta zo daga unguwar Madagaska. Matar ɗanta ce, wani mahauci, ke naƙudar fari, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Kaka ta ba da dutse, na raka tsohuwar na dawo. Na tuna da za mu fita Inna na wanki a bakin rijiya, ta bi bakin zanina da kallo, ta ci gaba da cuɗa kayanta.

Washegari da hantsi jini ya ɓalle wa Inna. Ba naƙuda, ba ciwon mara, jini kawai, har ya bi ta ƙarƙashin labulen ɗakinta. Kada ka ce mun zauna jiran dutse, wallahi ba mu zauna ba. Baba ya fita ba takalmi ya tsayar da taksi a titi don a kai ta asibiti, lopital kamar yadda muke cewa, maza suka ɗauko ta a tabarma saboda mota ba ta shiga lungunmu. Ana sa ta a mota ta kama bakin mayafin Kaka. Matar da ba ta iya haɗa ido da surukarta, ranar ta kalle ta tsakiyar ido.

“Iya, dutsen,” in ji ta. Shi ke nan abin da ta ce.

Baba ya juyo ya ce, “Iya, a aika a karɓo mana.”

Kaka ta ce, “Yarinyar can ba ta sauka ba. Da ta sauka da sun kawo.”

“Iya, kina ganin jinin nan fa.”

“Ina gani. Ku tafi lopital, kuna ɓata lokaci.”

Baba bai taɓa mayar wa mahaifiyarsa magana ba, ranar ma bai mayar ba. Ya shiga mota ya ja ƙofa. Da motar ta sha kwana Kaka ta riƙe kafaɗata. Ta ce in tafi Madagaska in zauna a gidan nan, da zarar an wanke dutse in karɓo in zo da gudu. Ta ce, “Amma ko da wasa kada ki ce musu uwarki ba lafiya. In sun tambaye ki, ki ce na aiko ki duba mai jiki. Kin ji ni?” Na ce na ji.

Kai, ban taɓa ganin yini mai tsawo irin wannan ba. Aka shimfiɗa mini buhu a ƙarƙashin rumfa, daura da ƙofar ɗakin mai naƙuda. Ruwa na zuba daga indararo, ga ƙatuwar tukunyar wankan jego an girka tun jiya, ana ta ƙara mata itace tana jira. Gidan duk ƙarnin fatun shanu. Daga cikin ɗaki ina jin nishin yarinyar, can ta yi salati, can ta kira uwarta da Fillanci, can ta yi tsit har sai gabana ya faɗi. Duk sanda aka ɗaga labule sai in miƙe tsaye, a wuce ni da ƙwarya ko tsumma, in koma in zauna.

Tsohuwar gidan ta kawo mini makala, wato fanke, mai zafi a takarda. Ta ce, “Allah sarki, Hajiya akwai zumunci, har da aiko jika cikin ruwan nan. Yaya mai tsohon cikinku?” Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Dutsen yana nan bayan labule, taku kaɗan tsakanina da shi. Na san in na buɗe baki na ce Inna na zubar da jini, za a ba ni. Na kuma san mai muryar da nake ji a ɗakin nan ita za a kwance wa. Na sunkuyar da kai na ce tana lafiya. Makalar nan har ta huce a hannuna ban iya kai ta baki ba.

Aka kira azahar. Na yi alwala da ruwan indararo na yi salla a kan buhun, na rasa me zan roƙa, sai cewa nake, Allah ka sa ta haihu, Allah ka sa ta haihu. Ba don ita nake roƙo ba, Allah ya sani. Haushinta ma nake ji, baiwar Allah, ina cewa a raina wace irin mace ce wannan da ba ta iya haihuwa da wuri.

Gab da la’asar aka ji kukan jariri. Gida ya kaure da guɗa, namiji ne. Ni kuwa ina tsaye a bakin labule, don na san da sauran mabiyiya. Ita ma sai da ta ja nata lokacin. Daga ƙarshe tsohuwar ta fito da dutsen a cikin ƙoƙo, ta wanke shi a tsanake, ta turara shi, tana ta sa wa Kaka albarka, ni kuwa kamar in fizge. Da ta sa mini a hannu da ɗuminsa, ban ko yi sallama ba. Na bar silifas ɗina a taɓo wajen gangaren Mokolo, ban tsaya ɗauka ba.

Tun daga bakin lungu na ga shagon Baba a rufe, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ga takalman maza birjik. Ba wanda ya tare ni, sai buɗa mini hanya suke. Inna ta cika tun wajen azahar, ta tafi da abin da ke cikinta. Kaka na zaune a ƙofar ɗakin da aka kwantar da ita. Na miƙa mata dutsen, don ban san me zan yi da shi ba. Ta karɓa ta ce, “Ta sauka?” Na ce ta sauka, namiji. Ta ce alhamdu lillahi, sai hawaye.

Ranar sadakar uku tsohuwar Madagaska ta zo gaisuwa, ta riga ta ji yadda aka yi. Tun daga zaure take kuka. Ta faɗi gaban Kaka ta ce, “Hajiya, don Allah me ya sa yarinyar nan ba ta faɗa ba? Yini guda tana zaune a gabana! Wallahi da ta faɗa da na kwance da hannuna na ba ta.”

Kaka ta ce, “Na sani. Shi ya sa na ce kada ta faɗa.”

Baba ya rayu shekaru masu yawa bayan nan, bai sake kallon kwallar nan ba, bai kuma taɓa ce wa Kaka uffan a kai ba. Ni na yi ta jin zafinta har na yi aure. Sai da na yi haihuwar fari na iya gaya mata abin da likita ya ce wa Baba, cewa irin wannan jinin ba abin da zai tsayar da shi. Na zaci zan sauke mata nauyi ne. Ta ce ai ba ta taɓa cewa dutse na tare ajali ba, abin da ke cin ta shi ne Inna ta roƙe ta abu ɗaya tak a duniya, kuma da ta tafi da shi a jikinta da ta tafi hankalinta kwance. Na ce to me ya hana. Ta ce, “Waccan ma ’yar wasu ce.” Da za ta rasu ni ta bar wa kwallar, ban nema ba.

Yanzu Birik ta canja. Benaye sun tashi inda rijiyarmu take, masu wa’azi na faɗa a lasifika cewa rataya dutse shirka ne, ni kuwa ba malama ba ce balle in yi musu. Jaririn Madagaska yana nan bakin titi yana sayar da tsire, gemunsa har ya fara furfura. Kullum na wuce sai ya gaishe ni da “Yaya”, ni kuma in dube shi in san shekarun Inna a ƙasa. Autata na nan ɗakin baya da tsohon ciki, ta zo haihuwa gida, ko yau ko gobe. Ita da katin awonta da hotunan cikinta, in na yi zancen dutse sai ta yi dariya ta ce da Faransanci, Maman, tsakuwa ce kawai. Wataƙila gaskiyarta. Amma tun da cikin nan ya tsufa nake buɗe kwallar kullum in tabbatar yana nan.

Shekaranjiya na daɗe a bakin gado da shi a hannu, yarinya na durƙushe a tsakar gida tana jira. Na shirya ƙarya tsaf, zan ce ya ɓata. Da na kasa, na shirya in ce mata in na aiko a ba ɗan aikena ko an sauka ko ba a sauka ba. Na fito, na ɗaure mata shi a bakin zani, na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, “Allah ya raba lafiya. In mabiyiya ta faɗo ku wanke ku kawo.”

Har yanzu ba su kawo ba. Ɗazu da safe autata ta ce bayanta na ɗan riƙewa, na kira mijinta ya zo da mota. Yarinyar ta kwatanta mini gidansu, ba nisa, nan bayan masu ɗinki ne. Ga mayafina a kafaɗa tun ɗazu, ina zaune ina kallon ƙofa.