Kwamitin da Ya Warkar da Ƙanena

A fadama ƙanena ya koyi shan tiramadol. Shekarar da ciyawar kacalla ta toshe hanyar ruwan gonakinmu, ya shiga ƙwadagon yankanta. Duk wanda ya taɓa wuni cikin ruwa har ƙugu, lauje a hannu, matsattsaku na tsotsar ƙafarsa, ya san dalilin da ya sa masu wannan aiki ke kora ƙwaya da koko tun da safe. Aiki ya ƙare, ƙwaya kuwa ta samu wurin zama.

Ni na ja shi zuwa Haɗeja wajen wata likita mai ƙaramar murya. Ta ce ba a raba mutum da ƙwaya lokaci guda, a hankali ake rage masa har jiki ya haƙura. Muka yi ta zarya. Ya daina karkarwa, ya dawo yana cinye tuwonsa, har Inna ta koma yi masa faɗa a kan ƙananan abubuwa kamar da.

Sai aka yi zaɓe, aka kafa kwamitin yaƙi da shaye-shaye. Shugabancin aka ba wani Alhaji mai sayar da taki. Ba a zalunci kowa ba, ya cancanta: shi ya kawo akwatin unguwarsu, kuma motarsa ce ta yi yawo da lasifika. Likita ma an saka ta mamba, don hoto ya yi kyau.

Ranar ƙaddamarwa ina wurin. Likita ta tashi ta yi bayanin yadda ake ragewa, Alhaji yana gyaɗa kai yana duba waya.

"Allah ya ƙara basira, Likita," in ji shi. "Wato mashayi za mu riƙa ba ƙwaya da hannunmu? Wannan tsarin Turawa ne. Mu nan mun san zaman banza ke kawo shaye-shaye, maganinsa kuma gumi."

Wuri ya kaure da tafi. Ni ma saura kaɗan in tafa, don ban taɓa ganin an gama da karatun likitanci cikin numfashi ɗaya ba.

Aka rufe ɗakin likita, aka tura ta can wani ƙauye ta huta da iliminta. Mashaya ba su yi wuyar samu ba, tunda akwai waɗanda suka riga suka kawo kansu neman magani. Aka yi musu aski ƙwal, aka ɗauki hoto, aka loda su a tifa zuwa hanyar Guri, har da ƙanena. Da na tambayi wane aikin gumi za su yi, aka ce yankan kacalla.

Na je gidan Alhaji, na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ai wajen yankan kacallar nan yaron ya koyo."

"To madalla, Hajiya," ya ce. "Inda ya ɗauko, can zai mayar."

Na tashi na fita. Na tsani mutumin nan a ranar, kuma har yau ban nemi in daina ba. Duk yankinmu, har jariri ya san mai tallan ƙwaya a keke yana bin masu yankan kacalla kamar balbela da shanu. Kwamiti ne kaɗai labari bai iske ba.

Da suka dawo aka yi biki. Aka sa musu fararen riguna, aka yi jawabi cewa duk sun warke, Alhaji ya karɓi kambun yabo. Inna ta yi kuka don murna, ta sa aka toya waina ta sadaka, gida ya cika da 'yan barka.

A bayan rumbu na sami ƙanena, zaune a ƙasa da farar rigarsa, idanunsa jajur, yana kallon hannunsa.

"Yaya," ya ce, "kafin su ɗauke ni, ɓarin ƙwaya kawai nake sha. Yanzu ban ma san nawa ba."

Na zauna kusa da shi. Muna jiyo muryar Inna daga tsakar gida tana cewa a ƙara wa maƙwabta.

"Kada ki gaya mata yau," ya ce. "Bar ta ta gama rabon."