Baba Mai Garke, Wanda Ya Koya Mini Tsayawa Kusa da Saniya

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, muna cikin ɗakin gwaji shugaban sashenmu ya shigo, ya cire tabarau, ya ce Allah ya yi wa Baba Mai Garke rasuwa. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma.

Baba, shekara talatin da ɗaya kana kula da dabbobin asibitin da muke koyon likitanci. Kai ke ba su abinci, kai ke wanke ɗakunansu, kai ke riƙe su idan za a yi musu allura. Babu sunanka a jerin malamai, amma duk wanda ya fito daga makarantar nan ya bi ta hannunka.

Ina aji uku wata saniya ta harbe ni a cinya, gaban 'yan ajinmu. Suka yi dariya, ni kuwa na ɗingisa zuwa ofis na karɓo takardar canjin sashe. Dama a gida yayyena "likitar awaki" suke kirana. Ka same ni zaune kan buhun dusa ina cike takardar. Ba ka tambaye ni komai ba. Ka miƙo mini igiyar saniyar, ka ce, "'Yata, riƙe mini, ina zuwa. Ki tsaya ta kafaɗarta, inda za ta gan ki. Ita ma tsoronki take ji." Ka tafi, ba ka dawo ba sai bayan rabin awa. Kafin nan ta fara lasar hannun rigata. Daga baya mai shara ta faɗa mini kana bayan ƙofa kana leƙenmu tun daga farko.

Bara aka kawo wata akuya haihuwa ta gagare ta, likita kuma yana ɗakin tiyata da wani doki. Ka dubi hannunka, ka dubi nawa, ka ce naka ya yi kauri. Na sa hannu, kana gaya mini abin da zan taɓa, kamar kana gani. Biyu na ciro. Ɗaya ya yi atishawa ya miƙe, ɗayan bai motsa ba. Na tsaya ina kallon mataccen, ka ce, "Wannan ya wuce mu. Goge wa mai ran hanci."

Kana jin warin kunnen kare ka faɗi cutarsa, mu kuwa sai mun buɗe littafi. Duk da haka kakan sa in karanta maka dogayen sunayen cututtukan nan na boko, ka maimaita su a karkace, ka ce wanda ya raɗa su bai taɓa kwasar kashin shanu ba.

Da na je duba ka asibiti, numfashi na yi maka wuya, amma ba ka yarda mun yi zancen jikinka ba. Wani kare da mota ta karya wa ƙafa, wanda aka ba ni jinyarsa a jarrabawar ƙarshe, shi ka tambaya: "Ya fara takawa?" Na ce tukuna. Ka ce in daina ɗaukarsa, in bar shi ya gwada.

Na bi maganarka. Washegarin rasuwarka na ajiye kwanon abincinsa nesa kaɗan. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tashi, ya taka ƙafar har sau shida. Na juya in kira ka.

Saura wata huɗu in yi rantsuwar zama likita, Baba. Zan ƙarasa, in Allah ya yarda, kuma zan yi aikin yadda ka nuna mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Mama, da 'ya'yanka biyar, da jikoki, da abokan aikinka. Allah ya ba ku haƙuri. Ya Allah, bawanka ya shayar da masu ƙishirwar da ba su da bakin roƙo. Ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa, ka tausaya masa fiye da yadda ya tausaya musu. Amin.