Sunan Mai Rai a Takardar Matattu

Mutum tara suka ɗaga hannu a watan Maris suka ce za su kama wa Ozella Pruitt aikin taron waƙa na bana. Da ranar ta zo, ba wanda ya leƙo da sassafe. Sai da ƙamshin kaza ya tashi suka iso, kowa fes da shi.

Ozella shekararta sittin da takwas, gwiwarta ta hagu ƙarfe aka sa mata. Shekara talatin ta yi tana ɗinka wuyan riga a masaƙar garinmu, nan arewacin Alabama, har aka rufe masaƙar. Taron kuwa gado ne. Kowace Lahadi ta biyu a watan Yuni, a ƙaramin cocin kan tudu, ana jera benci ta kusurwa huɗu, a bar fili a tsakiya, a wuni ana waƙa da baki kawai, ba kiɗa. Kakarta ta riƙe shi, uwarta ta riƙe, amma su da mataimaka. Ita tun rasuwar mijinta ita ce mai shara, mai jan benci, mai suya.

Kafin a fita cin abinci waƙa takan tsaya, a karanta takarda biyu: ta marasa lafiya, da ta waɗanda suka riga mu tun taron bara. A filin nan Ozella ta kira sunan uwarta, a nan ta kira na mijinta. In ta dubi kawunan da ke kan benci, duk furfura ne. Ranar da ta kwanta, taron ya kwanta. To wa zai tsaya ya kira nata sunan, a wane fili?

Rubuta sunayen bana aikin Delmer Suggs ne, shugaban kwamiti. Ya shigo kicin ƙarfe goma da rabi yana goge tabarau.

"Ina takardun, Delmer?" in ji Ozella daga bakin kasko.

"Af! Na ɗauka kin yi, 'yar'uwa. Ke da kike da hannu goma?"

"Biyu ne, kuma duk suna cikin mai."

"To Allah ya ƙara ƙarfi," in ji shi. Ya tsinci cinyar kaza ya wuce.

Dole ta yago bayan ambulan, ta ja layi a tsakiya, marasa lafiya a sama, matattu a ƙasa. Mutane suna leƙowa suna jefo mata sunaye, tana rubutu da hannu ɗaya, ɗayan yana juya wainar masara. Sunayen sama suka yi yawa har suka taɓo layin, mai ya ɗiga ya shafe shi. Na ƙarshe a cikinsu shi ne Baba Hoyt Gaither, tsohon da ya shekara hamsin yana ɗora mana muryar da za a fara kowace waƙa da ita. Kwanansa shida a asibiti da ciwon ƙirji.

Ta gama da marasa lafiya, aka yi musu waƙa. Ta ja numfashi ta ce, "Waɗanda suka riga mu. Hoyt Gaither."

Littafin waƙa ya suɓuce daga hannun Nadine, 'yar Baba Hoyt, wadda ta baro shi da safe yana shan kofi.

"Baba! Yaushe? Ozella, yaushe aka bugo? Kuka bar ni ina ta waƙa?"

"Yana nan, Nadine, yana nan! Hannuna ne, takardar ce..."

Nadine ba ta tsaya ji ba. Waya ba ta kamawa a kan tudun, sai an gangara bakin maƙabarta, can ta nufa a guje. Minti goma ana jiranta. Ozella tana tsaye a filin da takarda a hannu, ta san abin da tsofaffinmu ke cewa: wanda aka kira cikin matattu a filin nan sai ya amsa.

Nadine ta dawo tana dariya tana share hawaye. "Wai a ce miki ki yi haƙuri, bai shirya ba tukuna. Kuma wai in da kun yi masa waƙar matattu kun ɗora muryar da sama, da bai yafe ba."

Aka kwashe da dariya, aka fita aka cinye kazar tas. Delmer har yana cewa, "Ozella, ni dai kar ki sa ni a takardar baɗi!" Ƙarfe huɗu kowa ya tada mota. Ita kaɗai ta mayar da bencin.

Yau kwana goma sha ɗaya, Baba Hoyt yana asibiti har yanzu. Duk sanda waya ta yi ƙara sai Ozella ta dafa bango kafin ta ɗauka. Ta saka mabuɗin cocin a ambulan ta ajiye a kan teburinta, ta ce ba za ta ƙara riƙe takarda ba. In mabuɗin ya kai baɗi a ambulan ɗin nan, babu taro.

To Delmer, da ku takwas ɗin da kuka ɗaga hannu, kun san kanku. Asabar mai zuwa, ƙarfe tara na safe, ku zo gidan Ozella. Kowa ya faɗi aikinsa da bakinsa a gabanta, ɗaya ya karɓi mabuɗin, kai kuma Delmer ka zo da takarda biyu, ba ɗaya ba. In ba za ku iya ba, ku hau tudun, ku tsaya a filin, ku kira sunan taron a cikin matattu da bakinku. Kar ku bar mata wannan ma.